Manhajar Lissafa Littattafai da Fina-finai

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce littattafanta da faya-fayan fina-finai sun yi yawa, har takan sake sayen wanda take da shi. Ko akwai manhajar lissafa su?

Akwai, malama. Libib na ɗaukar littattafai, fina-finai da wasannin bidiyo, kyauta har guda 5,000. Da kin haska lambar ISBN ta bayan littafi da kyamarar waya, sunansa da na marubucinsa za su fito.

Sai dai littattafan Hausa da dama da ake bugawa a Kano ba su da wannan lamba, da hannu za ki shigar da su. Don Allah kada ki tsallake su, domin su ne in sun ɓace samunsu ke wuya.