Makin Abokin Gaba Ba Shi Ne Ƙarfinsa Ba

Aikina horar da matasa masu buga Age of Empires II ta intanet, kuma akasarin lokacina yana ƙarewa ne wajen kallon wasannin da suka naɗa. Ciwon da na fi gani iri ɗaya ne: yaro ya kalli makin da ke gefen allo, ya ga ya zarce abokin karawarsa, sai ya saki jiki. Kafin ya ankara mahayan doki sun cika masa gari.

Wasan nan tun 1999 yake, an sabunta shi a 2019, kuma makinsa gauraye ne. Ana lissafa dukiyar da ke rumbunka, da gine-gine, da binciken da ka kammala, da abin da ka kashe wa abokin gaba, har da faɗin ƙasar da ka zagaya. Wanda ya iya yawo da dokin leƙen asiri zai tara maki alhali gonarsa ba ta fi taka ba.

Abin lura shi ne faɗuwar makin. Cikin zamunan wasan, shiga na biyu abinci 500 yake ci, na uku abinci 800 da zinariya 200, na huɗu abinci 1000 da zinariya 800. Da mutum ya danna binciken shiga sabon zamani, dukiyar ta fita daga rumbu, makinsa ya yi ƙasa, ba zai farfaɗo ba sai binciken ya ƙare. To idan ka ga makin abokin gaba ya faɗi ba tare da an gwabza ba, kada ka yi murna, sama ya nufa. Shiga na biyu daƙiƙa 130 yake ɗauka a agogon wasan, na uku 160. Iyakar lokacin da kake da shi na shiri ke nan.

Sai lissafin talakawa masu tara dukiya, wanda matasa ke ƙyuya a kansa. Yawancin dauloli da mutum uku suke farawa, cibiyar gari kuma tana fitar da ɗaya duk daƙiƙa 25. A minti na goma, mai cibiya ɗaya da wuya ya wuce 27. Wanda ya haura da wuri, da mutane kaɗan ya haura, hari ne a ransa. Wanda ya daɗe a zamanin farko makinsa na ta hawa, tara ƙarfi yake don ya tsallake zuwa na uku cikin hanzari, kuma da ya shiga na biyu za ka ga ya gina kasuwa da maƙera.

Duk wannan hasashe ne, gani kuwa ya kori ji. Tura dokinka ya dubo inda talakawan abokin gaba suka taru. Idan suna haƙar zinariya da wuri, sa ran 'yan baka, don kowanne yana cin itace 25 da zinariya 45. Idan ka ga barga amma babu kowa a wurin zinariya, mahayan leƙen asiri ne, abinci 80 kawai suke ci, maganinsu masu mashi. Idan dutse suke fasawa, hasumiya na tafe bayan gidanka, ko kuma yana tara 650 na fadar yaƙi.

Ka dai riƙa zagayawa ta gefe. Muddin talakawa suka shige cibiyar garinsa kibau take zubowa, kuma a zamanin farko ba ka da barga da za ta ba ka wani dokin.