Darasi: Mai Maganin da Ya Fita Neman Jarirai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masana'anta a Sharada ko Bompai da yamma, lokacin tashi daga aiki, ya san mai magani. Yana nan da tabarmarsa ko motarsa mai lasifika, ga ƙullin sassaƙe, ga garin maganin basir da na shawara da na ciwon baya. Ma'aikacin da ya wuni a tsaye yakan fara biyawa ta wurinsa tun kafin ya tuna da asibiti, domin yana kusa, yana da araha, kuma yana sauraro. Mu da muke aikin lafiya na sa kai a unguwanni, sau da yawa mukan ɗauke shi abokin hamayya. Bari mu duba labarin wani mai magani daga ƙasa mai nisa, mu ga ko ra'ayinmu zai tsaya yadda yake.

Wane ne shi?

Sunansa Khyenrab Norbu. An haife shi a 1883 a garin Tsetang na ƙasar Tibet, ƙasar duwatsu da sanyi da ke arewa da Indiya, wadda yanzu take ƙarƙashin mulkin Sin. Tun yana yaro ya shiga zaman zuhudu na addinin Buda, wato ya bar aure da neman dukiya domin ibada da karatu. Daga baya ya tafi makarantar likitanci ta Chagpori a birnin Lasa, wadda aka kafa tun 1696. A can ɗalibi yakan haddace babban littafinsu na magani mai babi 156, kamar yadda almajiri yake hadda a tsangaya, sa'an nan ya bi malaminsa kan duwatsu yana koyon ganye da saiwa. Likitansu yana taɓa jijiyar hannu, ya duba fitsarin safe, ya yi wa majiyyaci tambayoyi a kan abincinsa da zamansa. Suna raba cututtuka zuwa na zafi da na sanyi, abin da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe.

Da a nan ya tsaya, da ya zama ƙwararren mai magani kawai, yana zaune marasa lafiya suna zuwa. Amma a 1916 shugaban ƙasar, Dalai Lama na 13, ya kafa sabuwar cibiyar magani a Lasa mai suna Mentsikhang, aka kuma ɗora Khyenrab Norbu a kanta. Cibiyar ta karɓi ɗalibai daga gidajen zuhudu na yankuna dabam dabam har da sojoji, domin in sun gama su koma inda suka fito da iliminsu.

Aikin da ya fi jan hankalinmu shi ne na jarirai. Daga cibiyar aka riƙa aika wa gundumomin ƙasar ɗan littafin renon yara tare da magunguna iri takwas da za a ba jariri a farkon rayuwarsa. Mai hali ya biya, matalauci a ba shi kyauta. Ana kuma rubuta lokacin haihuwar yaro domin a yi masa lissafin taurari bisa al'adarsu. Lissafin taurarin ba namu ba ne, ba ma kuma cewa magungunan nan takwas sun yi abin da allurar rigakafi take yi yau. Abin lura shi ne mutumin da jama'a suka riga suka amince da shi ya daina jiran ciwo ya kawo masa mutane. Ya nemi yaro tun yana da lafiya, ya sa aka san da haihuwarsa, ya ba uwa bayani a rubuce. Wannan shi ne ainihin kiwon lafiyar jama'a.

Ya rasu a 1962. Makarantar Chagpori ta rushe a rikicin 1959, amma wani ɗalibinsa, Yeshi Dhonden, ya tsallaka zuwa Indiya, ya sake buɗe cibiyar a garin Dharamsala a 1961. A 2010 gwamnatin Indiya ta amince da wannan hanyar magani a dokance.

Inda ya kamata mu yi hattara

Wasu ƙwayoyin maganin Tibet masu daraja ana haɗa su da zaiba da wasu ƙarafa. Masu haɗawa suna cewa sun kashe gubar ta hanyar dafawa da gogewa na kwanaki masu yawa, likitocin zamani kuwa suna neman a auna a ɗakin bincike. Mu a Arewa mun ga abin da ƙarfe yake yi wa yaro: a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Tsufan magani ko tsarkin mai ba da shi ba ya cire guba daga cikinsa. Saboda haka kwalbar da ba ta da lambar hukumar NAFDAC, ba a san abin da ke ciki ba, kada a ba mai ciki ko jariri.

Mu dawo gida

Masana'antun jima na Challawa da Sharada suna amfani da sinadarin kuromiyam wajen gyaran fata. Ruwan dagwalon da ke fitowa daga yankin yakan gangara kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara, inda masu lambu suke ban ruwa. Ma'aikacin da ke taɓa irin wannan sinadari ba safar hannu yana iya samun gyambo ko ƙaiƙayi da ba ya jin magani. Wa yake fara ganin wannan hannun? Mai magani na bakin ƙofa. Wa take fara ganin jaririn da aka haifa a gida a Panshekara ko Dakata ko Ja'en? Ungozoma. Bayan kwana bakwai kuma wanzami.

Kano ta riga ta koyi tsadar rashin amincewa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda jita-jita, sai a 2004 aka ci gaba, cutar kuwa ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka sa baki iyaye suka buɗe ƙofa, har aka kai 2020 da aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Don haka muna ba ƙungiyoyinmu shawara su kai wa waɗannan mutane ziyara da girmamawa, a gaishe su Baba ko Inna, a tambaye su irin ciwon da suka fi gani a wannan watan. A roƙi mai magani ya ƙara tambaya ɗaya a kan tambayoyinsa: wane aiki kake yi, da me kake taɓawa? In tari ya wuce mako biyu, ko gyambo ya ƙi warkewa, ya tura mutum asibiti. A roƙi ungozoma ta gaya wa uwa ranar rigakafi, ta kuma sanar da ma'aikaciyar lafiya duk haihuwar da ta karɓa. Wasu za su ƙi, musamman wanda yake ganin za a rage masa ciniki. Mu fara da wanda ya yarda.

Domin tattaunawa a ƙungiya: su wane ne masu magani da ungozomomi uku da mutanen unguwarmu suka fi zuwa wurinsu? Wa a cikinmu ya saba da su, da zai iya kai gaisuwar farko kafin taronmu na gaba?