Kawunsa na son tafiya da shi Yamai

 Ɗana shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare a nan Sakkwato. Yayana da ke sayar da yadi a Yamai ya ce in ba shi yaron su tafi tare a dogon hutu. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. Yaron nan ko kayansa ba ya wankewa, in ba waya ba sai barci. Dangin mahaifinsa kuma sun ce zai je idonsa ya buɗe, ya dawo ya fi ƙarfina. Don Allah ki ba ni shawara.

Maman Yara, Mabera

Amsa: Ki bar shi ya tafi. Wannan rashin wanki da kike faɗa, ai shi ne dalilin tafiyar. A gida ke ce bango, duk inda ya juya yana jingina da ke. A gidan kawu kuwa kunya kaɗai za ta tashe shi da asuba.

Yamai ba bayan duniya ba ce. Daga Illela a shiga Ƙonni, a bi Dogondutsi da Dosso, an isa. Sai dai daga Ƙonni lissafinsa zai canja. Mai shago zai ce masa "dala ashirin", shi kuma sai ya gane sefa 100 ake nufi. Da Hausa za a yi masa magana, amma zai tsaya ya yi tunani kafin ya miƙa kuɗi. A Yamai zai tarar da Zabarmanci da Faransanci, ya zama shi ne baƙo mai tambayar hanya, a yi masa dariya, shi ma ya dara. Yaron da ya ɗanɗana baƙunta ba ya saurin raina mutane. Dangin mahaifinsa kuma ki tuna musu cikin ladabi cewa Shehu Usmanu da kansa ya je Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu.

Amma da sharaɗi. Ki gaya wa yayanki ba hutu kika tura shi ba. Ya zaunar da shi a shago, ya auna yadi, ya karɓi kuɗi, ya rubuta cinikin rana. In kallon talabijin zai je yi, gara ya zauna a Mabera. Ranar da babu kasuwa a kai shi gidan tarihi na Boubou Hama.

Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka a yi masa fasfo da katin allurar shawara tun da wuri, da takardar amincewar iyaye. Da rana za a yi tafiyar, kuma tare da kawun. Ki nemi yardar dangin mahaifinsa kafin a fara shiri. In ya isa kuma, kira ɗaya a rana ya wadatar, kar ki bi shi da waya har cikin shago.