Yaya Ake Gwada Sabon Girki Ga Mutum Biyu?

Girkin mutum biyu wahalarsa tana wajen awo. Wadda ta tashi a gidan yawa hannunta ya saba da babbar tukunya, sai abinci ya riƙa kwana yana lalacewa. Gwangwanin madara ya wadatar wajen awo: ɗaya da rabi na shinkafa kan ishi mutum biyu, ruwan kuma gwangwani uku.

Mai son gwada sabon girki gara ta fara da na tukunya ɗaya, kamar faten doya. Ana soya albasa da jajjagen tumatir da attaruhu a manja, a tsaida ruwa, a zuba doyar da aka yanka ƙanana tare da busasshen kifi. Idan ta yi laushi, a farfasa kaɗan da ludayi don romon ya yi kauri. Alayyahu ne ƙarshen shiga, minti 2 ya ishe shi, in ya wuce haka sai ya dafe.

Idan hannu ya faɗa, ana iya sa dankali a madadin doya. Gishiri kuwa a riƙa sa shi kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa, domin a ƙaramar tukunya rabin cokali ma kan yi yawa.