Yoga a Maradi: abin ɗauka da abin bari

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Maradi, kuma da wuya wani ya shigo ya ce mini damuwa ke cinsa. Sai dai ka ji "gabana ke faɗuwa", ko "ƙeyata ta riƙe", ko "barci ya ƙaurace mini". A auna jini, a duba zazzaɓi, a tarar komai lafiya lau. Sai hira ta yi nisa maganar ke fitowa: ɗan kasuwar da jarinsa ya karye da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, yana cikin farfaɗowa takunkumin da aka sanya wa ƙasarmu a 2023 ya sake kayar da shi; matar da ruwan 2024 ya rushe wa ɗaki; mutanen da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato zuwa yankin Gidan Rumji, waɗanda har yau ƙarar babur cikin dare ke tayar musu da hankali.

Yanzu matasa kan nuna mini bidiyon yoga a waya, su tambaya ko yana magani. Wasu kuma garin magani suke kawowa, wai na Ayurbeda ne, wato likitancin gargajiyar Indiya. Amsata kashi biyu ce.

Yoga tsohon abu ne a Indiya, haɗin motsa jiki da sarrafa numfashi da tattara hankali, kuma a 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware masa 21 ga Yuni. Kada hotunan masu lanƙwasa jiki su ruɗe ku. Abin da na ga yana aiki a kan marasa lafiyata shi ne numfashin. Idan tsoro ko fushi ya taso, numfashi kan gajarce ya tsaya a ƙirji, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, aikinta ja wa zuciya linzami, kuma tana ƙara ƙarfi ne lokacin da ake fitar da iska. Shi ya sa nake cewa mutum ya zauna, ya ɗora hannu a ciki, ya shaƙa ta hanci yana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ya saki a hankali yana ƙirga shida. Numfashi shida ke nan a minti ɗaya, maimakon 12 zuwa 20 da babba ke yi. Minti biyar safe da yamma ya isa farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa irin wannan numfashi cikin tsarinta na PM+ na 2016, wanda ta shirya don al'ummomin da masifa ta afka wa.

Wani dattijo manomin rani daga Jiratawa ya yi mini dariya da na koya masa. Ya ce, "Ƴata, tun kafin a haife ki nake numfashi." Na ce, "Baba, gaskiya ne, amma a guje kake yinsa." Da ya dawo bai ce bashin taki ya biyu ba, ya dai ce yana samun barci har kiran assalatu. Iyakar abin da nake wa mutane alkawari ke nan. Numfashi ba ya sauke farashin gero, yana dai ba mutum sararin yin tunani kafin ya huce haushinsa a kan iyali.

Sai batun addini, wanda mutanen Tibiri da na cikin gari ke yawan tambayata, kuma suna da hujja. Yoga ya girma ne cikin addinin Hindu. A cikinsa akwai jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, akwai kalmomin bauta da ake maimaitawa, har majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi irin wannan a 2008. Ni ba malama ba ce, fatawa ta malamai ce. Abin da nake koyarwa dai babu gaida rana, babu ambaton abin bautar kowa. Mutum na iya yinsa a kan dardumarsa bayan ya idar da salla.

Ayurbeda kuwa, shawararta mafi amfani kyauta ce: a tsayar da lokacin barci da na tashi, a ci abinci kan lokaci, a yi tausa da mai. Saurayin da ke shan shayi a fada har ƙarfe ɗaya na dare, ya haɗiyi taramol da safe don ya iya aiki, wannan shawarar ya fi buƙata. Itatuwan Ayurbeda ma ba baƙinmu ba ne. Bedin da muke zama a inuwarsa da zogalen da Jiratawa ta yi suna da shi duk asalinsu yankin Indiya ne.

Inda nake jan kunne shi ne kwalabe da ƙunshin gari. A 2004 masu bincike sun sayi magungunan Ayurbeda 70 a shagunan Boston ta Amurka, suka sami dalma ko wasu guba irinta a cikin 14. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Saiwar ashwaganda da ake tallatawa a Facebook da sunan maganin damuwa, an sami waɗanda ta taɓa wa hanta, kuma Danmak ta hana sayar da ita a 2023. Mai ciki kada ta kusance ta. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya kawo kwalbar mu gani kafin ya kai baki, kuma kada ya ajiye maganin likita saboda ita.

Akwai kuma inda numfashi ba ya isa. Wanda ya yi mako biyu ba ya jin daɗin komai, ba ci ba barci. Mai jego da ta ƙi kallon jaririnta. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Wanda ya fara cewa gara ya mutu ya huta: waɗannan kada a tsaya ba su haƙuri kawai. A ci gaba da addu'a, amma a kawo su asibiti. Mai zancen mutuwa kuwa a ranar za a kawo shi, kuma kafin a iso a ɗauke maganin ƙwari daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai.