Yadda Haƙori Ke Ƙaura a Cikin Ƙashi: Darasi a Kan Kuben Daidaita Haƙora

Gabatarwa

Na taɓa kai ziyara wata makarantar sakandare a Jibiya domin tattaunawa da 'yan ajin ƙarshe a kan ilmin halittu. Bayan an tashi, sai wata ɗaliba ta biyo ni bakin ƙofa, tana magana tana kare bakinta da gefen hijabi. Ta ce, "Malam, yayata ta nuna mini wani talla a waya. Wai akwai wata roba garai-garai da ake sawa a baki, haƙora su miƙe cikin 'yan makonni, ba sai an ga likita ba. Gaskiya ne?" Na ce mata, "'Yata, robar akwai ta, kuma tana aiki. Amma zancen 'yan makonni da na rashin ganin likita, a nan gizo ke saƙa."

Mutanen kan iyaka sun saba da sabon kaya. Atamfa ko turare ko wayar hannu, in ya iso daga Maraɗi ko Kano, sai a taya a saya. To amma wannan roba, wadda za mu kira kuben haƙora saboda yadda take rufe su kamar yadda kube ke rufe wuƙa, magani ce da ke aiki a cikin rayayyen ƙashi. Manufar wannan darasi ita ce ɗalibi ya fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin dasashi idan an sa ta, da abin da mai neman gyara zai tarar daga farko har ƙarshe.

Yadda Haƙori Yake Zaune

Yaro yana da haƙora 20, waɗanda yake fara famfararsu tun yana wajen shekara 6. Baligi kuwa yana da 32 idan sun cika. Kowane haƙori yana da kai, wato farin da muke gani, da kuma saiwa wadda ke nutse a cikin wani rami a ƙashin muƙamuƙi. Saiwar ba manne take da ƙashin ba. Tsakaninsu akwai wani siririn tantani mai kaurin kimanin milimita 0.2, wanda ke cike da zaruruwa masu ɗaure saiwa da bangon ramin, da 'yan hanyoyin jini, da jijiyoyin ji. Wannan tantani shi ke sa ka ji tsakuwa a cikin shinkafa tun kafin ka gama tauna ta. Shi ne kuma ginshiƙin duk wani aikin daidaita haƙora, domin haƙorin da ya rasa shi ya haɗe da ƙashi ba ya motsawa, ko da wane irin ƙarfi aka tura shi.

Masu Rusau da Magina

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙashi kamar busasshen ice. Alhali kuwa ƙashi rayayye ne, kullum cikin rushewa da sake ginuwa yake. Ƙwayoyin halitta iri biyu ke wannan aiki. Na farko, waɗanda masana ke kira ostiyokilas, su ne masu rusau: suna narkar da ƙashi. Na biyu, ostiyobilas, su ne magina: suna shimfiɗa sabo.

Idan aka tura haƙori da ɗan ƙarfi kaɗan wanda bai yanke ba, tantanin da ke gefen da aka tura shi yakan matse, na ɗaya gefen kuma ya miƙe. Inda ya matse sai masu rusau su taru su ci bangon ramin, su buɗe wa saiwa hanya. Inda ya miƙe sai magina su cike gurbin da ta bari. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Sandstedt ya nuna haka a 1904, bayan gwajin da ya yi a kan haƙoran karnuka.

Ɗaliban Jibiya suna da misalin wannan a ƙofar gidansu. Kogin Gada, wanda aka datse aka yi madatsar ruwa ta Jibiya, shi ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. Duk wanda ya lura da irin wannan kogi a inda ya yi kwana, zai ga ruwa yana zaizaye gaɓa ɗaya yana tara yashi a ɗayar, har bayan shekaru a tarar kogin ya gusa daga inda aka san shi. Haka ramin haƙori ke gusawa, ya tafi da haƙorin. Idan kuwa ƙarfin ya yi yawa, sai hanyoyin jinin tantanin su toshe, sashensa ya mutu, motsi ya tsaya cik na ɗan lokaci, wani zubin ma bakin saiwa ya zaizaye. Saboda haka ƙara matsi ba ya ƙara sauri. A nan maganar Bahaushe ta tabbata, cewa sannu ba ta hana zuwa.

Taƙaitaccen Tarihi

A 1728 wani likitan haƙori Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaura haƙora a jikinsa domin su jeru. A 1899 Edward Angle na Amurka ya kasa rashin daidaiton haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa gida uku, kuma har yau likitoci suna amfani da wannan rabo. A 1945 wani Ba'amurken, Harold Kesling, ya ƙera kuben roba da ake sawa a cire, ya kuma kawo shawarar cewa jerin irinsa zai iya matsar da haƙora mataki-mataki. Sai dai yin haka da hannu aiki ne mai wuya. Zuwan kwamfuta ne ya sauƙaƙa shi: a 1997 Zia Chishti da Kelsey Wirth, ɗaliban Jami'ar Stanford, suka kafa kamfanin Align Technology, wanda ya fito da kuben da ake kira Invisalign. Daga baya wasu kamfanoni da dama suka bi sahu.

Abin da Mai Neman Gyara Zai Tarar

Na farko, bincike. Likita zai duba dasashi da haƙora, ya ɗauki hoton ƙashi domin ya ga tsawon saiwoyi da yawan ƙashin da ke riƙe da su. Idan akwai ruɓa ko ciwon dasashi, sai an warkar da su tukuna, domin tura haƙorin da ƙashinsa ya riga ya lalace tamkar jijjiga turke ne a cikin laka.

Na biyu, awo da tsari. Ana ɗaukar siffar baki da na'ura ko da wani ƙulli mai daskarewa, a shigar da ita kwamfuta, a tsara tafiyar kowane haƙori, sa'an nan a ƙera jerin kube. Kowane ɗaya ya ɗan bambanta da wanda ya gabace shi, kuma yakan matsar da haƙori kimanin rubu'in milimita kacal. Sau da yawa likita yakan manna wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori domin kube ya sami abin kamawa. Idan cunkoso ya yi yawa yakan goge ɗan abin da bai kai rabin milimita ba a tsakanin haƙora, wani lokaci ma sai an cire haƙori.

Na uku, sawa. Ana son kube ya zauna a baki awa 20 zuwa 22 kowace rana, a canja shi bayan mako ɗaya ko biyu, gwargwadon umurnin likita. Wato abin da ya rage wa mutum na ci da sha da wanke baki bai wuce awa biyu zuwa huɗu ba. Kwana biyu ko uku na farkon kowane sabon kube haƙora kan yi tsami, wanda alama ce ta aiki ya kankama. A makon farko yawu kan ƙaru, a kuma sami ɗan tsamin baki wajen furta wasu baƙaƙe, amma harshe kan saba.

Na huɗu, tsafta da kiyayewa. Ban da ruwa, ba a ci ba a sha da kube a baki. Shayi mai zafi yana lanƙwasa robar, haka ma barin ta a rana ko a cikin mota lokacin bazara. Goro yana rina ta. Lemon kwalba kuwa, in ya shiga ƙarƙashinta, sukarinsa yakan zauna a jikin haƙori inda yawu ba ya isa ya wanke, sai ruɓa ta sami ƙofa. Don haka bayan kowane ci sai an goge baki da buroshi ko asuwaki kafin a mayar. Wanda ya saba da ɗan rake nan, ɗan gyaɗa can, ya san zai canja hali.

Na biyar, komawa wurin likita. Akan koma duk bayan mako 6 zuwa 10 domin a ga ko haƙora suna bin tsarin. Ba kullum suke bi ba, shi ya sa a ƙarshe akan sake awo a ƙaro wasu kuben. Ƙaramin gyara kan ɗauki kimanin wata shida, babba kuwa shekara ɗaya zuwa biyu.

Na shida, riƙo. Bayan an gama, zaruruwan dasashi sukan yi ƙoƙarin jawo haƙora su koma gidansu na jiya. Dole ne a ci gaba da sa kuben riƙo, da farko kusan kullum, daga baya da dare kawai na tsawon shekaru, ko a manna siririyar waya a bayan haƙora. Wanda ya yi sakaci a nan ya yi aikin baban giwa.

Inda Haɗari Yake

Kube ya fi dacewa da cunkoso ko tazara marasa tsanani. Ba ya gyara muƙamuƙin da ya fi ɗan'uwansa tsawo sosai, kuma wayar ƙarfe da ake mannawa ta fi shi iya juya wasu haƙora da matsar da saiwa. Ya kamata kuma malamai su san cewa tazarar da ake gani a haƙoran gaba na sama ga yaro ɗan shekara 7 zuwa 10 sau da yawa takan rufe da kanta idan fiƙoƙi suka fito, wajen shekara 11 ko 12. Wushirya ma, wadda Hausawa suka daɗe suna lissafa ta cikin alamomin kyau, ba cuta ba ce, kuma ba dole ne a rufe ta ba.

Abu mafi muni shi ne ɗaure haƙora da robar ɗaure kuɗi domin a rufe tazara. Da yake saiwa tana tsukewa ne zuwa ƙarshenta, robar takan sulale ta shige ƙarƙashin dasashi, ta yi ta yanke zaruruwa ba a gani, har haƙoran su faɗi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Sayen kube daga nesa ba tare da likita ya duba baki ba shi ma kasada ne. Kamfanin SmileDirectClub na Amurka, wanda ya yi suna wajen aika wa mutane kube har gida, ya rufe a Disamba 2023, ya bar masu hulɗa da shi a tsakiyar magani.

Mazauna kan iyaka suna da nasu ƙarin abin lura. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilu 2022. An sake rufe iyaka da Nijar a Agusta 2023, aka buɗe a Maris 2024. Maganin da ke bukatar ganin likita duk bayan 'yan makonni har shekara guda ko fiye, bai kamata a fara shi a wurin da hanyar zuwa za ta iya yankewa ba. Ko mutum ɗan Jibiya ne, ko na Ɗan Isa, ko na Maraɗi, ya tambayi kansa tun farko: zan iya komawa wurin wannan likita har a gama? Mai neman shawara a wannan yanki yana iya farawa da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za a duba shi a faɗa masa irin gyaran da ya dace da bakinsa.

Aikin Aji

1. Ɗalibai su auna kaurin takarda 100 da rula, su raba da 100, sa'an nan su gano takarda nawa ce ta kai rubu'in milimita.

2. Idan ana son matsar da haƙori milimita 3, kowane kube yana matsar da shi milimita 0.25 cikin mako biyu, kube nawa ake bukata, kuma mako nawa aikin zai ɗauka?

3. A zana haƙori a cikin raminsa, a nuna inda ake tura shi da kibiya, a rubuta gefen da masu rusau ke aiki da gefen da magina ke aiki.

4. A bayyana dalilin da ya sa ƙara matsi ba ya ƙara saurin tafiyar haƙori.

Kammalawa

Mun ga cewa roba tura kawai take yi, jikin mutum ne ke rushe ƙashi ya sake gina shi, kuma yana da nasa ma'aunin lokaci da ba a iya sauya masa. Wannan shi ne abin da na bayyana wa ɗalibar nan a bakin ƙofar aji. Na kuma shawarce ta da ta gaya wa iyayenta su kai ta wurin likitan haƙori ya duba ta, kafin a kashe ko sisi a kan talla. Ina fatan malamai za su isar da wannan ga ɗalibansu, musamman waɗanda kunya ke sa su rufe baki idan za su yi dariya, domin su ne masu talla suka fi saurin kamawa. Haƙorin dindindin sau ɗaya yake fitowa, in ya faɗi ba ya da magaji.