Darasi na 7: Kaza Ta Fara Zubar Gashi, A Sayar Ko A Jira?

Da yawa a cikinmu kaji muka saya da rancen da muka ɗauka a akwati, kuma da kuɗin ƙwai muke zubin mako. To ranar da kaza ta daina ƙwai, gashi ya cika tsakar gida, dole hankali ya tashi. A wata ƙungiya ta wajen Garo, wata baiwar Allah ta ga kajinta huɗu kamar an fige su, ta ba yaro ya kai kasuwa, aka saye su a wulaƙance. Maƙwabciyarta ta yi haƙuri da nata, kafin wata uku suka dawo ƙwai. Ashe ba ciwo ba ne, canjin gashi suke yi.

Mene ne canjin gashi?

Kaza takan zubar da tsohon gashi ta fitar da sabo, yawanci sau ɗaya a shekara, daga ta kai wajen shekara ɗaya da rabi. Yakan fara daga kai da wuya, ya sauko ƙirji da jiki, sannan fukafukai da bindi. Yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, wata ma ta wuce haka. Kusan kashi 85 cikin 100 na gashi sinadarin gina jiki ne, shi ne kuma ƙwai yake buƙata. Jikinta ba zai iya aiki biyu a lokaci ɗaya ba, shi ya sa take ajiye ƙwai.

A ƙasashen Turai gajartar yini lokacin sanyi ce ke tayar da shi. Mu nan Gwarzo da Kabo bambancin tsawon yini bai kai awa biyu ba. Abin da ya fi tayar da shi a wurinmu shi ne ƙishirwa, ƙarancin abinci, sauyin wuri, ko bayan kwanci da renon 'yan tsaki.

Kama kazar ki duba

1. Idan ƙananan tsinkayen sabon gashi na fitowa, tana ci, tana sha, idonta garau, canjin gashi ne.
2. Idan akwai ƙwari ƙarƙashin fiffike ko kusa da mafitar kashi, ko baƙaƙen ƙuma sun manne a gefen ido da zanko, ƙwari ne ke cin ta.
3. Idan baya da ƙeya kaɗai suka goge, zakara ne ya dame ta. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10.
4. Idan akwai rauni da jini, saran juna suke yi saboda cunkoso ko yunwa.
5. Idan ta yi laushi, tana koren kashi, wuya na murɗewa, ko ana mutuwa, ciwo ne. Ki ware ta, a kira malamin dabbobi. Wannan cuta ta fi kama kaji da hunturu, kuma akwai rigakafinta da ake yi a cibiyar Vom ta jihar Filato, ana ɗigawa a ido.

Yadda za ki taimake ta

Dusa kaɗai ba ta isa. Ki haɗa mata da tunkuza marar gishiri, ko waken suya da aka soya aka daka, ko garin busasshen kifi, da gara, da ganyen zogale. Kada ki ba ta ɗanyen waken suya, kada kuma ki ba ta gyaɗar da ta yi funfuna. Ruwa mai tsabta kada ya yanke ko yini ɗaya.

Ki zuba toka da yashi a inuwa ta riƙa birgima. Ki share akurki, ki toshe tsagar bango inda ƙwari ke ɓuya. Ƙuma a shafa musu man basilin. Fiya-fiya, kalanzir da maganin feshin gona kada su taɓa jikin kaza. Da hunturu a kare akurki daga iska da dare. A hana yara yawan kama ta, don sabon gashi akwai jini a cikinsa, taɓa shi na yi mata zafi.

Wacce za a sayar?

Ga abin mamaki: wadda ta zube lokaci ɗaya ta yi muni, sau da yawa ita ce gwanar ƙwai, kuma ta fi saurin dawowa. Wadda ke zubarwa kaɗan-kaɗan wata da watanni ita ce raguwa. In dole ne a sayar, ita za a fitar, bayan gashinta ya cika ta yi daraja.

Idan ƙwai ya tsaya kuma akwai rance a kanki, kada ki ɓoye. Ki faɗa a taro tun da wuri, a duba yadda za a yi bisa dokar ƙungiya.

Tattaunawa

Wa ta taɓa sayar da kaza saboda zubar gashi? Nawa aka saya? Da wace sana'a za ki riƙe zubi na wata uku idan ƙwai ya tsaya?

Aikin gida

Kowacce ta duba ƙarƙashin fiffiken kajinta, ta zo mana da bayani a taro mai zuwa. Allah ya sa albarka a kiwonmu.